Dodo da Keken Araha

Idan ka sayi abu a Tungar Kaɗe, to ka ɓoye shi kafin Dodo ya gani. In ba haka ba sai ya karɓa ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya tambaye ka nawa ka saya, kuma ko kyauta ka ce an ba ka sai ya girgiza kai ya ce an cuce ka. A faɗarsa, daga Anka har Gummi ba a haifi ɗan kasuwar da ya taɓa cin ribarsa ba. Shi ba kaya yake saye ba, araha yake saye.

Gidansa kuwa cike yake da shaidu. Akwai rediyon da ba ta magana sai an mare ta, akwai cocilar da ke kamawa da rana tsaka ta mutu da magariba, akwai takalman fata masu kyau ƙwarai waɗanda duka biyun na ƙafar hagu ne. Matarsa Laraba ta daɗe da daina faɗa, ta koma kallo.

Abu ɗaya ne ke cin ran Dodo, shi kuwa ba a samunsa a kasuwa. Gemunsa ya yi furfura, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunan mazajensu, amma duk faɗin garin ba wanda ya taɓa yi masa takwara. Sunansa na yanka Zubairu, kuma shi kaɗai ne Zubairu a Tungar Kaɗe. Hatta Hudu, taubashinsa ɗan kabu-kabu, wanda ba a taɓa jin ya yi wa kowa abin kirki ba, yana da takwarori biyu suna yawo a gari ba wando. Abin yana yi wa Dodo ciwo ƙwarai, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Ana nan sai Allah ya sauki Mardiyya, matar Kamilu ɗan wansa marigayi, ta sami ɗa namiji. Kamilu ya zo zaure ya tsuguna yana sosa ƙeya.

"Bappa, na so in yi maka takwara. Amma ka san surukina Malam Labbo ya ɗaure rago tun ciki bai tsuhwa ba, kullum sai ya aiko a hwaɗa min ragon na ƙiba. In anka yanka nashi, da wane ido zan dube shi in ce sunan wani nis sa?"

Dodo ya yi dariya har da buga cinya, alhali zuciyarsa na tsalle don murna.

"Ragon Labbo? Wanga da iska ke kayarwa? Kai dai riƙe sunan ga bakinka. Ni ad da ragon suna. Zan tahi Gummi in ɗauko wanda sai an kira ƙarti kahin a kayar da shi, kuma ga kuɗin ɗan akuya."

"To Bappa, sai dai ka san liman. In hantsi ya ɗaga ba ya jiran kowa."

Jajibirin suna ya faɗo ranar kasuwar Gummi. Dodo ya sayar da geronsa, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya fito da tsohon baƙin kekensa mai kariya da ƙaton kwando a baya, wanda ya sha ɗaukar taki da tumaki ba tare da ya yi ƙorafi ba. Laraba ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Malam, rago kat tahi saye. Rago. Ba mu ce ka dubo muna araha ba."

"Ke Laraba, ni za ki koya ma kasuwa?"

"A'a. Tuni nika maka."

Gaskiya a faɗe ta, ragon dai ya iya saye. Fari ne tas, mai ƙaho a murɗe, ga wuya ga gaba, kuma ya matsa wa mai shi har mutumin ya sallama don kawai ya huta da surutu. Da Dodo ya ɗora ragon nan a kwando ya kama hanya, da labarin nan ya ƙare ba wanda ya ji. Amma sai ya ce bari ya ratsa ta layin 'yan gwanjo, ido kawai zai ba abinci.

A rumfar wani Makau, tsakanin tsofaffin fankoki da akwatunan talabijin, ya hango abin a rataye. Ja ne wur, siriri, yana walƙiya.

"Kai, wanga mi na?"

"Keken tsere na, Alhaji," in ji Makau. "Daga Kwatano anka kawo shi. Can ƙasar Turawa ya hi mashin tsada."

"Tsere da wa?"

"Da iska."

Dodo ya tattara ƙarfinsa ya kama keken zai sauko da shi, sai ga shi ya kusa jefa shi bayan rumfa, don abin ba nauyi ko kaɗan. Ya gwada da hannu ɗaya, ya gwada da yatsa biyu. Nan take zuciyarsa ta tafi, amma ya ɗaure fuska, don a tsarinsa ba a yabon abin da za a saya.

"Tayu kamar tsinken tsire. Sirdi ko kyankyaso ba ya zama bisa. Kuma dibi kanshi ya lanƙwashe ƙasa. Mota ta taka shi?"

"Haka anka ƙera shi, Alhaji. Na manya na. Ni don na ga kai mai ido na, zan karya maka shi. Kawo tsohon naka, ka cika min da abin da yar rage ga aljihunka."

Abin da Dodo bai sani ba, keken nan ya ga damina ya ga rani a rataye a wurin. Duk wanda ya ɗaga shi sai ya duba baya, ya tambayi inda ake ɗaura kaya, ya mayar ya yi gaba. Dodo kuwa gaba kawai yake kallo. Yana hango kansa yana shiga Tungar Kaɗe a kan jan keke, jama'a na darewa, Hudu na haɗiyar yawu. Ya yi kamar zai tafi, ya dawo, ya sake yin kamar zai tafi, ya kira keken da sunaye marasa daɗi, sannan ya zazzage aljihu har da kuɗin motar da Laraba ta sa ya riƙe saboda tsaro.

"Na sallama," in ji Makau, da saurin da ya kamata ya ba mai hankali tsoro.

Kafin Dodo ya gama shafa sirdi, wani mai albasa ya taya tsohon keken, an sallama masa, ya hau ya ɓace cikin kasuwa da kwando da komai. Dodo bai ko waiwaya ba. Yana cikin gaya wa 'yan kallo cewa yau ya yi wa ɗan gwanjo wankin babban bargo, sai ragon ya yi kuka a bayansa. Ya dubi rago, ya dubi bayan keke. Babu kariya, babu ko wurin da aka taɓa sa ta.

"Makau, ina kariya?"

"Bature ba ya ɗaukar kaya, Alhaji."

"To ragon hwa?"

"Rago ba shi cikin ciniki."

Dodo ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya ja keke da rago zuwa wurin mai walda. Mai walda ya ƙwanƙwasa jikin keken, ya manna masa maganaɗisu, maganaɗisu ya faɗo ƙasa.

"Baba, wanga ba ƙarhe ba na. Irin abin da aka tukunya da shi na. In nis sa mai wuta narkewa za ya yi."

"Ka ji jahilci," in ji Dodo ga mutanen da suka fara taruwa. "Ƙarhen jirgin sama na. Ina za ya san shi, shi da bai wuce ƙyauren shago ba?"

Ya ɗaura igiyar ragon a ƙarƙashin sirdi ya ce zai ja shi a hankali. Ya ɗaga ƙafa zai hau, babbar riga ta hana. Ya tattare ta ya hau, sai ya tarar hannun keken na can ƙasa, dole ya duƙa kamar mai ruku'u, hula ta gangaro ta rufe masa ido. Ya taka feda, keke ya zabura, rago ya kafe ƙafafu ya zauna daɓas, Dodo da keke suka kwanta a gefe ɗaya a gaban masu rake. Ya tashi ya kakkaɓe ya ce dama gwada ƙarfin igiyar yake yi. A karo na biyu ragon ne ya zabura, ya hango ganyen wake a wata rumfa, ya ja keke da mai keke har cikin kwandon tumatir.

Daga ƙarshe wasu mahauta biyu suka tausaya masa, ko kuma suka so su ga ƙarshen abin, suka ɗaure ƙafafun ragon suka saɓa masa a wuya, suka riƙe keken ya hau, suka tura shi kan kwalta.

To a nan fa keke ya nuna halinsa. Taki ɗaya sai ya ga bishiyoyi na gudu baya. Ya wuce amalanke, ya wuce masu jakuna, ya wuce wani mai baƙin keke irin nasa na dā har ya sami sukunin ce masa, "Sannu da tahiyar ƙasa!" Ragon na kuka a kunnensa, iska na kaɗa gemunsa, daɗi ya cika shi har ya fara tsara yadda zai ba da labari a majalisa. Ana cikin haka gwiwarsa ta bugi wani ɗan ƙarfe a jikin keken, sarƙa ta yi ƙarar-ƙarar ta koma wani haƙori, sai ga ƙafafunsa na juyawa da gudu keke kuwa na tafiyar hawainiya. Ya sa hannu ya mayar da ƙarfen, ya wuce da shi, feda ta yi tauri kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Bai gama da wannan ba sarƙa ta cafke gefen babbar riga ta fara ci. Kafin ya ankara ta naɗe aikin da ke gaban rigar, ta jawo wuyansa ƙasa, keke ya sauka daga kwalta ya shiga ciyawa ya tsaya da kansa.

Sai da wuƙa aka raba riga da sarƙa. Wani manomi ne ya yi aikin, kuma ya yanka da hannu sake, har rigar Juma'a ta koma 'yar shara ta gefe ɗaya. Da aka fito da keken daga ciyawa kuma sai aka ga tsidau ya yi wa tayoyin nan sirara ado gaba da baya, duk sun kwanta.

La'asar ta yi sanyi kafin ya iso wani ƙauye a bakin hanya, rago a wuya, keke a hannu. Mai facin garin, Dikko, ya cire tub ya bi hudojin ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, yana yi yana salati. Da ya ɗauko famfo zai ba da iska sai ya tsaya. Bawul ɗin keken siriri ne, bakin famfo ya yi masa yawa. Ya gwada na keke, ya gwada na babur, ya aika aka aro na maƙwabci, iska na fita ta gefe tana fito.

"Baba, ina kas samo wanga?"

"Ba irin na garinku ba na. Iskar ma ba kowace yaka sha ba."

"To ai sai ka koma inda aka sai da irin tashi."

Suna cikin haka sai ga ƙarar babur. Hudu ne, ya sauke fasinja zai koma gida. Ya kashe mashin, ya dubi rigar, ya dubi keken, ya dubi ragon, ya sauka ya zauna a ƙasa don kada dariya ta kayar da shi.

"Dodo! Wa yac cinye maka rabin riga? Ko ita ma arahar ta rabi kas saya?"

"Wuce ka ba mutane wuri. Abin ga da kaka gani ya hi gidanku tsada."

"Na yarda. Ina sauran nashi? Ko sai wata kasuwa za su ba ka?"

"Ba a ɗora mai tarkace. Gudu anka yi shi don shi."

"Shi ya sa nig gane shi kwance." Hudu ya share hawaye. "Kai, bar wasa. Kawo ragon in kai ma Kamilu, kai ka taho da abin wasanka a hankali."

Maganar gaskiya ce, kuma Dodo ya san gaskiya ce. Amma ya hango ragonsa na shiga gari a bayan Hudu, ya hango Hudu na ba da labari har shekara ta zagayo cewa shi ya ceci suna.

"Rago na da ni za mu shiga gari tare, bisa keken ga, gaban jama'a."

"Allah ya kai mu," in ji Hudu, ya tada mashin. "Bari in riga ka, in ce a share hanya."

Sai bayan magariba Dikko ya yi dabara da guntun tiyo da zaren roba, iska ta shiga da ƙyar. Tafiya ba ta yiwu ba, Dodo ya kwana a zauren mai faci. Da gari ya waye ya tarar ragon ya kwance kansa ya cinye farin ƙyallen da aka naɗe hannun keken da shi, ya fara taɓa sirdi.

Wuyan Dodo kuwa ya ƙi juyawa, kafaɗu sun kumbura, ko hula ba su so. Matar Dikko ta leƙo ta ga yana ta fama, ta miƙo wani tsohon zane da majanyi ta ce in ba zai ji kunya ba, akwai hanyar da mata suka san ba ta gajiyarwa. Dodo ya dubi gabas ya ga ta yi ja. Ya tuna liman. Aka sake ɗaure ƙafafun rago, ya duƙa aka ɗora masa shi a baya, aka ja zane aka ɗaure a ƙirji, aka tamke majanyi a ciki, kan rago ya leƙo ta saman kafaɗarsa.

Kwalta ba ta zuwa Tungar Kaɗe. Daga inda ake ratsewa yashi ne, shi kuwa baƙin keke ya san yashi, yana nitsa ya fita. Jan keke da ya sa tayarsa a ciki sai ya tsaya cak kamar an kira sunansa. Dodo ya taka, ya yi nishi, ya taka, taya ta ƙara nitsewa. Ya sauka ya tura, ya ga turawar ma ɓata lokaci ce, sai ya saɓa keken a ka. Haka ya ratsa gonaki, rago a baya, keke a bisa, rabin riga na jan ƙasa.

Wasu matan Fulani masu tallar nono suka yi kiciɓis da shi a kan hanya. Suka tsaya, suka sauke ƙore a hankali don kada nono ya zube.

"Sannu da goyo, Baba. Namiji na ko mace?"

Ya ƙara sauri.

"Kai, ɗan ya yi kama da ubanshi," in ji ɗayar. "Har gemun."

Ya wuce yana jin dariyarsu har ya hau tudun da ke kallon gari. Daga nan ya hango ƙofar gidan Kamilu. An shimfiɗa tabarmi, jama'a sun cika, ga farin rawanin liman a tsakiya. Hantsi ya ɗaga. Can gefe ya hango Malam Labbo da kansa yana jan ragonsa zuwa gindin darbejiya, wani na wasa wuƙa, Kamilu kuwa na tsaye yana ta duban hanya. Duk cika bakin nan ya bi iska, abin da ya rage a ransa kawai shi ne yaron nan da sunan da zai tashi da shi.

Daga tudun zuwa gari fako ne mai tauri, gangare santal. Dodo ya sauke keke daga ka, ya gyara goyo, ya yi bisimilla ya hau.

Jama'ar Tungar Kaɗe sun ga gudu a rayuwarsu, amma ba su taɓa ganin irin na ranar ba. Wani jan abu ne ya taho daga tudu ba ƙara ba hayaƙi, da kai biyu, ɗaya na salati ɗaya na kuka. Hudu ne ya fara ganewa, ya miƙe yana ihu, "Ga su nan! Ga mai jego nan tahe!" Aka miƙe ana dariya, amma da aka ga abin ba ya rage gudu sai dariya ta koma kururuwa. Masu tabarmar gaba suka watse, mai wasa wuƙa ya haye katanga.

"Burki! Dodo, burki! Burki!"

Nan ne fa gizo ya yi saƙarsa. Duk keken da Dodo ya taɓa hawa a duniya burkinsa ya mutu tun kafin ya zo hannunsa. A Tungar Kaɗe in za ka tsaya, sai ka damƙe burki biyu da iyakar ƙarfinka don sauke nauyi, sannan ka sa diddige a taya ka fara addu'a tun daga nesa. Tun jiya kuwa bai taɓa na jan keken ba, ciyawa da yashi ke tsayar da shi. Ya lalubo ƙarfunan nan biyu a gaban hannun, ya damƙe su irin damƙar da ya saba.

Keke ya tsaya. Dodo bai tsaya ba.

Ya tashi sama da shi da goyonsa, ya tsallake tabarma guda, ya wuce tiren goro, ya sauka rub da ciki a gaban liman, fuskarsa cikin ƙwaryar kunun da aka kawo wa malamai. Ragon na bisa bayansa daram, ko ƙasa bai taɓa ba.

Liman ya janye ƙafarsa daga cikin kunu a hankali.

"Wa alaikumus salam, Malam Dodo."

Aka kwance majanyi, aka ɗaga rago, aka ɗaga mai rago. Malam Labbo ya matso da tasa igiyar a hannu, ya yi gyaran murya.

"Allah gahwarta Malam, tambaya nika. Dabbar da ta hwaɗo daga sama haka, ta isa yanka? Kada a yi ma jikana suna da gurgu."

Liman ya ce tambaya ce mai kyau. In rago na ɗingishi a bayyane, ko ƙaho ya karye yana jini, bai isa ba, sai a kawo wani. A kwance masa ƙafafu a gani.

Dodo bai taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko a kan gangaren. Kunu na ɗiga daga gemunsa, ya ƙura wa ƙafafun ragon ido. Aka kwance igiya. Rago ya miƙe, ya yi tangaɗi, jama'a suka ce "Af!" Ya girgiza jiki, ya yi atishawa, sannan ya taka lafiya lau, ƙafa huɗu cif, ya nufi ragon Malam Labbo ya sa masa ƙaho ɗaya a haƙarƙari har sai da ya zauna. Dodo ya yunƙura zai je ya kamo shi, sai ga shi yana jan ƙafar dama, yana dafa mutane.

"Rago lahiya lau," in ji liman. "Da mai ragon za a yanka, da sai mun nemi wani."

Aka kwashe da dariya har da Malam Labbo. Hudu ya ɗago keken, tayar gaba ta lanƙwashe, yana nuna wa jama'a. Dodo ya share kunu daga ido ya nuna keken da yatsa.

"Ku yi dariya. Amma ku hwaɗa min gaskiya, duk garin ga wa ad da burki irin wanga? Burkin kaɗai ya biya kuɗinshi."

Aka kayar da farin rago, Kamilu ya duƙa ya raɗa wa liman, aka yi addu'a aka shafa. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Zubairu, Allah ya raya. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Dodo ya sunkuyar da kai yana ta goge fuska da abin da ya rage na rigarsa, yana cewa yajin kunun ne ya shiga masa ido.

Sai dai an san al'ada. Yaron da ya ci sunan babba ba a kiransa da sunan, don Kamilu ba zai buɗe baki ya ce Zubairu ba, balle Mardiyya. Dole a nemo lakabi. Dodo ya aika cikin gida da shawara cewa a riƙa ce masa Sarkin Kasuwa, in ya yi tsawo a ce Mai Nasara. Saƙon ya tarar mata sun riga sun gama. Su da ke ciki ba su ga komai ba, abin da suka ji kawai shi ne gari gaba ɗaya na kiran kalma ɗaya, kuma unguwarzoma ta rantse jaririn na tsala kuka, yana jin ta ya yi shiru. Laraba ce ta karɓe shi ta ɗaga sama ta yi masa rawa da sunan, mata suka amsa.

Dodo ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya raba alewa don a sauya, a banza. Yaro ya yi rarrafe da sunan, ya yi tafiya da shi, malamin allo ma da shi ya san shi. Kullum da yamma za ka gan su a ƙofar gida, tsoho da takwaransa a kan tabarma ɗaya, yana koya masa yadda ake kushe kaya kafin a taya. In Mardiyya ta leƙo daga zaure ta ƙwala kira, "Burki!" su biyun ne ke waiwayowa.